Furotin da Ƙarfin Haihuwar Namijin Tarwaɗa

Galibin masu kiwon tarwaɗa sun fi mai da hankali ga mace, don ita ke ɗauke da ƙwai. Amma sau da yawa akan tatsi ƙwai dubbai masu kyau, a zuba musu maniyyi, washegari a tarar da yawancinsu sun yi fari sun lalace. Wani lokaci matsalar daga namiji take, kuma tushenta abincin da aka ciyar da shi.

Furotin shi ne sinadarin gina jiki. An haɗa shi ne daga ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, kuma 10 daga cikinsu jikin kifi ba ya iya sarrafa su, sai dai ya same su cikin abinci. Da furotin ake gina marainan kifi, waɗanda ke cikin cikinsa, da kuma ƙwayoyin maniyyi. Hatta sinadaran da wani ɗan ƙulli da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke fitarwa don su umarci maraina su fara aiki, asalinsu furotin ne.

In furotin ya yi ƙaranci, jiki yakan fara biyan bukatun rayuwa, haihuwa ta biyo baya. Sai maraina su tsumbure, balaga ta yi jinkiri, ƙwayoyin maniyyi su ragu. Wannan babbar hasara ce, domin ba a iya tatsar namijin tarwaɗa kamar mace. Sai an farka cikinsa an ciro maraina. Bugu da ƙari, ƙwayar maniyyi ba ta motsi sai ta taɓa ruwa, kuma motsin nata ba ya wuce minti ɗaya ko biyu. Mai rauni ba ta kaiwa ga ƙwai.

Masana na ba da shawarar abincin iyayen tarwaɗa ya ƙunshi furotin kashi 35 zuwa 40 cikin 100. Masara ba ta wuce kashi 10, saboda haka ita kaɗai ba ta wadatarwa. Garin kifi kuwa yakan kai kashi 60. Ƙuliƙulin gyaɗa da waken soya suna da furotin mai yawa, amma ba su cika duk amino asid ɗin da ake bukata ba, don haka akan gauraya su da garin kifi. Wajibi ne a soya waken soya, domin ɗanyensa yana hana narkewar furotin. Angurya kuma sai da hattara, saboda tana ɗauke da gubar gosifol mai raunana maniyyi.

Wuce gona da iri ma illa ne. Rarar furotin kifi yakan ƙone ta don samun kuzari, ya fitar da ammoniya cikin ruwa, wadda ke cutar da shi. Saboda haka manomin da ke son ƙyanƙyasa mai albarka yakan ware mazan da ya zaɓa, ya ciyar da su daidai gwargwado tun watanni kafin ranar haɗa iri.