Gilashin Kamara Ya Yi Sauƙi: Abin Da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani

 

Kwanakin baya wani dattijo daga cikin maƙwabtanmu ya tare mu a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar, fuskarsa da alamar damuwa. Ɗansa, wanda ke koyon sana'ar ɗaukar hoto a wurin bukukuwan aure da suna, ya roƙe shi kuɗi domin ya sayi gilashin kamara, wato wannan ƙarfe mai ido da ake ɗaurawa a gaban kamara, wanda masu sana'a a nan ke kira objektif. Yaron ya ce ya samu garaɓasa, an karya farashi kusan rabi. Dattijon ya sayar da ɗan ragon da yake kiwo ya ba shi. Da kaya suka iso, gilashi lafiyarsa lau, babu tsaga babu ƙura, amma ya ƙi shiga bakin kamarar yaron. Mai sayarwa kuwa ya ce ciniki ya riga ya faɗa.

Wannan abu ne ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a wannan shafi na iyali. Gaskiya ne gilasan kamara da yawa sun yi sauƙi a shekarun nan. Amma kowane sauƙi da dalilinsa, kuma wanda ya san dalilin shi ne zai ci riba, wanda bai sani ba kuwa shi ne zai ɗauki asarar wani.

Me ya karya farashi?

Dalili na farko shi ne sauyin da aka samu a ƙirar kamara kanta. Kamarorin da muka saba gani a hannun masu hoto, na kamfanonin Canon da Nikon na ƙasar Japan, suna da madubi a cikinsu, wanda ke karkata haske zuwa idon mai ɗauka. Nikon ya fito da bakin ɗaurin gilashinsa mai suna F tun shekarar 1959, Canon kuma ya fito da nasa mai suna EF a 1987. Shekara da shekaru ana ƙera gilasai domin waɗannan bakuna biyu. A 2014 Canon ya bayyana cewa ya ƙera gilashin EF miliyan 100, Nikon ma ya kai wannan adadi a nasa gilasan a 2016.

Sai aka zo da kamara marar madubi. Panasonic ya fara fito da ita a 2008, Sony ya kawo babbar ƙirarsa ta A7 a 2013, sa'annan a 2018 Canon da Nikon suka bi sahu, kowanne da sabon baki: Canon ya kira nasa RF, Nikon ya kira nasa Z. A shekarar 2020 adadin marasa madubi da kamfanonin Japan suka fitar ya zarce na masu madubi. A ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya shaida wa wata jaridar Japan cewa kamarar EOS-1D X Mark III ita ce ta ƙarshe a jerin manyan kamarorinsu masu madubi. Tun daga nan masu sana'a a Turai da Amurka da Asiya suka rinƙa sayar da tsofaffin gilasansu domin su koma sabon tsari. Kaya suka yi yawa a kasuwar na-hannu, farashi ya sauka, kuma irin waɗannan kaya ne ke gangarowa zuwa kasuwanninmu ta hanyar Dubai da Lome da Kano.

Dalili na biyu shi ne wayar salula. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kamarori kimanin miliyan 121 a shekara guda. A 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba. Magidanta da dama da suka sayi kamara domin hoton iyali sun ajiye ta, sun koma ga wayar da ke aljihunsu, su ma suka kai tasu kasuwa.

Dalili na uku shi ne gasa. Ban da Sigma da Tamron na Japan, da Samyang na Koriya ta Kudu, kamfanonin ƙasar Sin irin su Yongnuo da Viltrox da TTArtisan suna ƙera sababbin gilasai da farashin da bai kama ƙafar na manyan kamfanoni ba.

Sai dai a lura, ba kowane gilashi ne ya yi sauƙi ba. Manyan gilasan RF da Z na masu sana'a suna nan da tsadarsu. Sauƙin ya fi yawa ne a kan kayan tsohon tsari. Haka kuma farashin da yaro ya gani a intanet ba shi ne zai biya a Maraɗi ko Damagaram ba. Kuɗin sefa yana ɗaure da yuro tun 1999, yuro ɗaya kusan sefa 656, saboda haka abin da aka rubuta yuro 100 ya haura jika 65 tun kafin a sa kuɗin sufuri, da na duwan, da ribar ɗan kasuwa.

Gilashi da baki: inda ake yin tuntuɓe

Kowace kamara tana da bakinta, kuma gilashi ba ya shiga sai bakin da aka ƙera shi dominsa. A nan ne ɗan maƙwabcinmu ya faɗi. Kamararsa mai madubi ce, bakin EF, shi kuwa gilashin da ya saya EF-M ne, na wani jerin ƙananan kamarori marasa madubi da Canon ya daina ƙerawa a 2023. Harafi ɗaya ne ya ƙaru a sunan, amma gilashin EF-M ba ya hawa kamarar EF, ba ya hawa sabuwar RF, kuma babu zoben haɗi da zai daidaita su. Abin da ya karya farashinsa ke nan: hanyarsa ta riga ta tuƙe.

Gilashin EF kuwa labarinsa dabam. Tazarar da ke tsakanin baki da farantin da ke kama haske a kamarar EF milimita 44 ce, a RF kuma milimita 20. Saboda wannan rata ake iya sa zoben haɗi a tsakani, tsohon gilashi ya yi aiki a sabuwar kamara yadda ya kamata. Haka abin yake ga Nikon: bakin F milimita 46 da rabi, bakin Z milimita 16, zoben haɗinsu kuma sunansa FTZ. Ashe wanda ya sayi gilashin EF ko F mai kyau yau bai jefa kuɗinsa rijiya ba, ko da gobe Allah ya hore masa sabuwar kamara. Amma juyin haka ba ya yiwuwa, wato gilashin RF ko Z ba ya komawa tsohuwar kamara.

Ga masu Nikon akwai ƙarin abin lura. Tsofaffin gilasan da aka rubuta wa AF ko AF-D ba su da injin daidaita gani a cikinsu, sun dogara ne ga injin da ke jikin kamara. Ƙananan kamarori na jerin D3000 da D5000, waɗanda suka fi yawa a hannun masu koyo, ba su da wannan inji, zoben FTZ ma ba shi da shi. Gilashin zai hau, amma sai an murza shi da hannu kafin hoto ya fito sarai, wanda kuwa ke bin amarya da tawagarta ba shi da wannan lokaci. Waɗanda aka rubuta wa AF-S su ne ke da injinsu. Na AF-P kuma ba sa aiki da tsofaffin kamarori irin su D90 da D3100.

Wane ne ya dace da aikinka?

Yawancin kamarori suna zuwa da gilashin 18-55mm. Yana da amfani da rana, amma idan aka jawo shi zuwa 55mm ƙofar haskensa tana tsukewa zuwa f/5.6. Gilashin 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi sauƙin kuɗi a wurin Canon da Nikon duka, yana shigar da haske kusan ninki 10 na wancan. Ga mai ɗaukar hoton walima bayan Magariba, ko cikin zaure mai duhu, wannan bambanci ne babba. Sai dai a ƙananan kamarori gilashin 50mm yana matse fili, ya zama kamar 80mm a Canon, 75mm a Nikon. A ɗaki ƙarami ba zai ɗauke iyali gaba ɗaya ba, don haka 35mm ko 24mm ya fi dacewa da irin wannan wuri.

Shawararmu ga matashi ita ce ya dubi aikin da yake samu a yanzu, ya sayi abin da zai inganta shi. Dogon gilashi mai nauyi da ake ɗaukar ƴan ƙwallo ko namun daji da shi yana burge abokai, amma ba zai mayar da kuɗinsa a wurin suna da ɗaurin aure ba. Abin da ba ka da bukatarsa, ko an ba ka shi rabin kuɗi, ɓarnar dukiya ce, addininmu kuwa ya hana almubazzaranci.

Yadda ake duba na-hannu

Kada a biya sai an gwada. A je da kamarar da za a yi aiki da ita, a ɗaura gilashin, a ɗauki hoto kusa da nesa, a saurari injinsa ko yana ƙara ko yana kai da kawo ba tare da ya tsaya ba. A cire shi a haska tocilan ta bayansa, a duba cikinsa. Ƴar ƙura kaɗan ba ta ɓata hoto, kuma a ƙasar da hunturu ke kaɗawa babu gilashin da zai rasa ta. Abin gudu shi ne hunhuna, wadda ke bayyana kamar saƙar gizo a jikin gilashi. Tana kama kayan da suka daɗe a wuri mai laima, kamar garuruwan bakin teku, kuma idan ta ci gilashi tabonta ba ya fita. A guji kuma wanda cikinsa ya yi hazo, da wanda aka ga mai a kan ƴan ganyayyakin ƙofar haske, da wanda kusoshinsa suka nuna alamar an taɓa kwance shi. A murza zobbansa a ji ko yashi ya shiga.

A tuna kuma cewa kamfanoni suna daina ƙera kayan gyaran tsofaffin gilasai bayan wasu shekaru, masu gyaran kamara kuwa ba su da yawa a garuruwanmu. Gilashin da injinsa ya fara ciwo, komai sauƙinsa, a bar wa mai shi.

Haƙƙin ciniki

Magabata sun ce araha ba ta ado, amma shari'a ba ta bar mai saye shi kaɗai da idonsa ba. Waɗanda suka karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani sun san cewa algus da ɓoye aibi haramun ne, kuma wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. To ɗan kasuwar da ya san gilashi na da hunhuna, ya yi shiru, ya ci haram. Wanda kuma ya ga yaro mai koyo zai ɗauki abin da ba zai shiga kamararsa ba, ya ƙyale shi saboda son ciniki, ya saɓa wa nasihar da ke tsakanin Musulmi, ko da kayan ba su da aibi.

Mai saye shi ma da nasa aikin. Shari'a ta yarda a yi ciniki bisa sharaɗin zaɓi na ɗan lokaci, gwargwadon abin da zai isa a gwada kaya. A nemi wannan sharaɗi tun kafin a miƙa kuɗi, a faɗi kwanakin, a yi shi gaban shaida ko a rubuta. Idan daga nesa za a aiko, a nemi hoton rubutun da ke jikin gilashin, a nuna wa wanda ya daɗe a sana'ar. Kada kuma tsoron wucewar garaɓasa ya kai mutum ga cin bashi da ruwa. Gilasan da aka ƙera su da miliyoyi ba za su ƙare a kasuwa cikin wata ɗaya ba. Wanda ya yi adashi ya jira zai same su.

Ga iyaye kuwa, idan ɗa ya zo da irin wannan bukata, tambaya uku ta isa: wane baki ne kamararka take da shi, wane aiki ne wannan gilashi zai yi maka wanda na hannunka ya kasa, kuma wa ya gwada shi? Idan ya amsa su da sani, a taimaka masa, domin sana'a ce da ake rufin asiri da ita, kuma ba a taɓa samun lokacin da kayanta masu inganci suka zo kusa da hannun talaka kamar yanzu ba. A kuma hore shi da kiyaye amanar gidajen da yake shiga, kada ya ɗauki hoton matan mutane ba da izini ba, kada kuma ya watsa abin da aka ba shi amana.

Shi dai ɗan maƙwabcinmu, bayan dattawa sun sa baki, mai sayarwa ya karɓi kayansa ya musanya masa da 50mm na bakin EF, yaron ya cika ɗan abin da ya rage. Allah ya sa albarka a cikin neman ƴaƴanmu, ya tsare mu daga cin haram, ya ba mu wadatar zuci.