Ɗaukar silima a titunan Paris: izini, barcin maƙwabta da wurin ajiye mota

Wanda ya shiga gidan silima ya ga mota tana sheƙa gudu cikin birnin Paris, hanya fayau babu kowa, sai ya yi tsammanin haka garin yake kullum. Alhali kafin a samu wannan minti ɗaya, an yi makonni ana kai da kawowa da takardu tsakanin masu fim da hukumomi, an tare hanya, an kawar da motocin jama'a, an kuma ba maƙwabta haƙuri. Titi na kowa ne. Mai son ya mayar da shi wurin aikinsa, ko da na yini guda, dole ya nemi izini, ya kuma bi sharuɗɗa.

A cikin watan Ogusta na 1976, wani shahararren mai shirya fim, Claude Lelouch, ya nuna wa duniya abin da ke faruwa in an tsallake wannan ƙa'ida. Da asuba ya ɗaura kamara a goshin motarsa ƙirar Mercedes, ya ratsa Paris tun daga Porte Dauphine har tudun Montmartre cikin minti takwas da ƴan kai. Bai nemi izinin kowa ba. Ya keta jar wuta fiye da goma, ya hau gefen hanya inda masu ƙafa ke bi. Mutum ɗaya tak ya tsayar a ƙofofin Louvre, inda ba a hangen abin da ke tahowa, ya ba shi rediyon hannu don ya gargaɗe shi, daga baya aka gane rediyon ma ba ya aiki. Fim ɗin, mai suna C'était un rendez-vous, ya yi suna ƙwarai, har yau ana kallonsa. Amma masu shara da masu tafiya aiki da ke kan hanya a wannan safiya ba ƴan wasa ba ne, ba wanda ya shawarce su, kuma Allah ne kaɗai ya kiyaye.

Yanzu abin yana da tsari. A 2002 ma'aikatar magajin garin Paris ta buɗe wani ofishi na musamman, Mission Cinéma, wanda ke karɓar buƙatun masu fim. Mai neman izini zai bayyana ranar aiki da sa'o'insa, da titin da yake so, da yawan ma'aikatansa da motocinsa, da irin abin da za a ɗauka, ya kuma kawo shaidar inshora don biyan diyya in an yi ɓarna. In aikin ya shafi tsaro, kamar tseren motoci, ko bindigar wasa, ko tufafin ƴan sanda, sai hukumar ƴan sandan Paris ta sa baki. Ƙaramar ƙungiya mai kamarar kafaɗa ba ta shan wannan wahala duka, tun da ba ta tare wa kowa hanya. Tayar da ƙaramin jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi a sararin birnin kuwa haramun ne sai da izini na daban.

Babbar rigima ita ce ta wurin ajiye mota. Babban fim yana tafe da kamiyo-kamiyo: na fitilu, na kamara, na tufafi, na abinci, da ɗakunan da ƴan wasa ke hutawa. Duk sai an sama musu wuri kusa da inda ake aiki, a garin da mai gida kansa yakan yi ta kewaye kafin ya sami inda zai tsayar da motarsa. Saboda haka aka sami wata sana'a da Faransawa ke kira vantuzaj. Kwana ɗaya ko biyu kafin aiki, sai a turo mutane su zauna bakin titi dare da rana. Duk motar da ta tashi, sai su dasa alamar roba a gurbinta don kada wata ta shiga. Hukumar gari ce ke ƙayyade tsawon wurin da za a kama, kuma masu fim na biyan kuɗinsa. Ana kafa allon hana tsayawa tun da wuri, ana manna takarda a ƙofofin gidaje mai faɗin ranar aiki. Wanda ya bar motarsa bayan haka, yana iya tarar da an ja ta zuwa furiyer, wato inda hukuma ke tsare motoci. A nan ne ran mutane ya fi ɓaci, kuma da gaskiyarsu: mai kanti da kamiyo ya rufe masa ƙofa yini guda ya yi hasarar ciniki, ko fim ɗin ya yi kyau ko bai yi ba.

Sai maganar ƙara. Dokar Faransa ta hana damun maƙwabta da hayaniyar dare, kuma tarar da aka saba yankewa Yuro 68 ce, kimanin jikka 45 na kuɗin sefa. Takardar izinin fim ba ta shafe wannan doka. Abin mamaki, ba ƴan wasa ne suka fi damun mutane ba, don lokacin da kamara ke aiki kowa shiru yake yi. Masu hana barci su ne injin wuta mai gurnani har wayewar gari, da ƙarar ƙarafa wajen sauke kaya da asuba, da manyan fitilu masu haska tagogin mutane kamar rana. Shi ya sa hukumar gari ke matsa wa masu fim su jona wutarsu da layin lantarki na gari maimakon tayar da injin gazuwal.

Sharuɗɗan suna sauyawa da halin da ake ciki. Bayan harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo a Janairun 2015, ƴan sanda sun dakatar da ɗaukar tsere da ƴan wasa masu kayan ƴan sanda ko soja a kan titi, don gudun kada jama'a su firgita, ko a kai wa ɗan wasa hari a bisa zaton jami'i ne. A 2017 kuma, da Tom Cruise ya zo ɗaukar Mission: Impossible, an yarda an rufe masa kewayen Arc de Triomphe, amma da sassafen Lahadi, na sa'o'i biyu kawai.

Mu a nan ƙasar, kalmar izinin ɗaukar fim tana da wani tarihi da ya kamata ma'aikatan hukuma su sani. A 1934 Pierre Laval, yana ministan ƙasashen mulkin mallaka, ya sa hannu kan dokar da ta wajabta wa duk mai son ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da ke hannun Faransa, har da Nijar, ya nemi yardar gwamna, ya kuma miƙa labarin fim ɗin a duba. Wannan izini bai damu da barcin talaka ko hanyar kasuwarsa ba; abin da za a nuna shi ne damuwarsa. A ganina nan ne bambancin yake, kuma mai riƙe da hatimi ya kamata ya riƙa tuna shi: tambayar wace hanya za a tare, ƙarfe nawa, ko ranar kasuwa ce ko lokacin sallar Juma'a, ina motar asibiti za ta bi, duk haƙƙin hukuma ne. Waccan ta Laval kuwa takunkumi ce.

René Vautier ya keta ta, ya ɗauki Afrique 50 yana nuna zaluncin mulkin mallaka. Aka yanke masa ɗaurin shekara guda, aka hana nuna fim ɗin fiye da shekara 40. Paulin Soumanou Vieyra, haifaffen Porto-Novo, da abokansa ba su sami izinin ɗauka a Afirka ba, sai suka ɗauki Afrique-sur-Seine a 1955 a titunan Paris, inda dokar Laval ba ta kai ba. Dokar ta faɗi ne da samun mulkin kai a 1960. Shekara takwas bayan haka Oumarou Ganda ya ɗauki Cabascabo a ƙasarsa ta haihuwa, a 1972 kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu, shi ne na farko da aka taɓa ba wannan kyauta.