Kalmar "mind" da Abokan Tafiyarta a Turanci

Idan Bature ya nuna kujerar da ke kusa da kai ya ce, "Do you mind if I sit here?" me za ka amsa? Yawancinmu za mu yi murmushi mu ce "Yes", da nufin bismillah, zauna mana. Sai ka ga mutumin ya ja da baya, ya tafi neman wani wurin. Abin da ya tambaya shi ne, "Zai dame ka in na zauna a nan?" Da ka ce "Yes", ka gaya masa ke nan cewa zai dame ka. Amsar mai maraba ita ce "No, not at all" ko "No, go ahead". A nan "a'a" ita ce izini, "i" kuwa kora ce. Ƙaramin abu ne, amma a wurin ganawar neman aiki, ko gaban likita da ke neman izinin duba ka, yana iya sa a ɗauke ka mara kirki alhali kirkin kake nufi.

Wahalar wannan kalma ta samo asali ne daga yadda harsunan biyu suka raba cikin mutum. Bahaushe yana da zuciya, da rai, da hankali, da tunani, da ƙwaƙwalwa, kuma yawancin aikin yana ɗora wa zuciya: da ita yake so, da ita yake fushi, a cikinta yake saƙa magana. Turanci kuwa ya ba "heart" ƙauna da tausayi da ƙarfin hali, ya ba "brain" naman da ke cikin kai, sa'an nan ya tattara tunani da niyya da tunawa da ra'ayi ya damƙa wa "mind". Saboda haka babu kalmar Hausa guda ɗaya da za ta tsaya a madadinta ko'ina. Dole ne a koye ta tare da kalmomin da take tafiya da su.

Bari mu fara da yanke shawara. Turawa suna cewa "make up your mind", wato ka tsai da magana, ka daina wasi-wasi. Wanda ya riga ya yanke sai ya ce "I have made up my mind". Idan daga baya ya sake shawara, "I have changed my mind" ne, ba "I have changed my heart" ba, ko da yake akwai "a change of heart" ga wanda zuciyarsa ta yi taushi bayan ya ƙi. Wanda har yanzu yake tsakanin zaɓi biyu, a Ingila ana cewa yana "in two minds", a Amurka kuma "of two minds". A kula, wannan ba zargi ba ne. Mu in an ce mutum mai zuciya biyu ne, ba yabonsa aka yi ba. Su kuwa suna nufin bai gama yanke shawara ba kawai. Haka ma "single-minded" ba ya nufin yin abu da zuciya ɗaya. Yana nufin mutumin da ya sa abu guda a gaba, ba ya waiwaye.

A tsohon Turanci, asalin ma'anar kalmar tana da alaƙa da tunawa, kuma har yau sawun wannan yana nan. "Keep in mind" da "bear in mind" duk suna nufin ka riƙe abu a rai, kada ka manta. Na biyun ya fi dacewa da rubutun ofis. "It slipped my mind" hanya ce mai ladabi ta cewa na sha'afa. Ta fi "I forgot" laushi, domin ta ɗora laifin a kan abin da ya suɓuce, ba a kan mai mantuwar ba. "It crossed my mind" kuwa shi ne ya faɗo mini a rai ya wuce. "Remind", tunatarwa, daga gida ɗaya ta fito.

Akwai ƙananan kalmomi biyu da suke yawan kayar da ɗalibai a jarrabawar WAEC da ma cikin hira: "on" da "in". Idan uwa ta ce ɗanta yana "on my mind", damuwarsa ce ta hana ta sakat, kamar kaya a kai. Idan shugaba ya ce "I have someone in mind", yana nufin akwai wanda ya riga ya hango domin aikin. Harafi ɗaya ne ya bambanta su, amma ɗaya nauyi ne, ɗaya shiri.

To, ina batun hankali? A nan fassarar kai tsaye take ba da kunya. "Hankalina ya tashi" ba ya zama "my mind has risen". Sai dai "I am worried" ko "I am upset". Amma kwanciyar hankali tana da 'yar'uwarta daidai wa daida, "peace of mind", kuma wanda ya kwantar maka da hankali ya "put your mind at rest". Sai dai a yi hattara da rubutu. "Peace" da "piece" furucinsu ɗaya ne, amma wanda ya ce "I gave him a piece of my mind" ba salama ya kai wa mutumin ba, wanke shi ya yi tas da baƙar magana. Na sha ganin wasiƙar gaisuwa da ke yi wa mutum fatan "piece of mind", kuma mai rubutun da alheri yake nufi.

Wasu kuma suna da kaifi, gara a san su ko da ba za a furta su ba. "Are you out of your mind?" tambaya ce ko mutum ya haukace. "Mind your own business" daidai take da ina ruwanka, ba a gaya wa babba. "Speak your mind" kuwa yabo ne a wurinsu, faɗin abin da ke ranka ba ɓoye-ɓoye, abin da a tarbiyyarmu sai an zaɓi wuri da lokaci. A kuma bambanta "lose your mind", wato zaucewa, da "lose heart", wato karaya.

Idan "mind" ta zo a matsayin umarni, ma'anarta yi hankali ce. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan ya ji sanarwar "Mind the gap", ana gargaɗin fasinja ya lura da ratar da ke tsakanin jirgi da dakali. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da ita. "Never mind" kuma ita ce ba kome, bar shi kawai.

Mu koma ga tambayar da muka fara da ita, domin tana da ƙa'idar nahawu da ake yawan karyawa. In za ka roƙi wani ya yi maka abu, aikatau da ke bin "mind" yana ƙarewa da "-ing": "Would you mind closing the door?", ba "to close" ba. In kai aka roƙa kuma kana so ka taimaka, ka ce "Not at all", sa'an nan ka tashi ka rufe ƙofar.