Abin da Ke Zama a Ciki Bayan Aikin Tsakuwar Ƙoda

 Yau shirinmu na musamman zai leƙa ɗakin tiyata, kan wata matsala da ba a cika ɗaga murya a kanta ba: an yi wa mutum aikin tsakuwar ƙoda, an sallame shi lafiya, amma wani abu daga kayan aikin likita ya zauna a jikinsa.

A da, in tsakuwa ta toshe ƙoda, sai an tsaga kwiɓi. A 1976 wasu likitoci biyu a Suwidin, Fernström da Johansson, suka fitar da tsakuwa ta wata 'yar kafa da suka huda a bayan majinyaci. A 1980, a birnin Munik na Jamus, aka fara farfasa ta da na'ura daga wajen jiki, ba yanka. Yanzu kuwa sau da yawa ta hanyar fitsari ake bi: a zura siririn bututu mai kyamara, ya ratsa mafitsara, ya hau magudanar da ke sauko da fitsari daga ƙoda, a rugurguza tsakuwar da hasken leza. An samu sauƙi ƙwarai. Sai dai kayan sun ƙara sirancewa, kuma siririn abu ba ya wuyar karyewa.

Zaren da ke ɗauke da hasken leza na gilashi ne, kaurin wani bai kai rabin milimita ba, kuma bakinsa yakan gutsure. Akwai 'yar ragar waya da ake cafko ɓarɓashin tsakuwa da ita. In leza ta taɓa ta, ko aka finciko ta tana riƙe da tsakuwar da ta fi hanya girma, sai waya ta tsinke. Akwai kuma wayar jagora da ake fara zurawa don sauran kaya su bi ta. In aka janyo ta baya ta cikin allura, bakin allurar yana iya fere rufin jikinta, ɓawon ya tsaya a ƙoda.

To, mene ne abin tsoro a ɗan guntun da ido ma da ƙyar yake gani? Fitsari yana ɗauke da sinadarai irin su kalsiyam, kuma duk baƙon abin da ya daɗe a cikinsa, a kansa suke taruwa, kamar farin ɓawon nan da ke kama gindin butar da ake yawan dafa ruwan rijiya a ciki. Ƙwayoyin cuta su ma su samu wurin laɓewa, inda magani ba ya isa sosai. A hankali guntun ya zama ƙwayar sabuwar tsakuwa.

Shi ya sa lokacin da ya fi dacewa a magance abin shi ne nan take, majinyaci bai ma farfaɗo ba. Takardar binciken tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta tanadi a ƙirga kayan aiki kafin a fitar da mara lafiya daga ɗaki, a kuma faɗi duk kayan da suka samu matsala. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaga ragar nan a ƙarƙashin fitila, ta buɗe ta, ta duba wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, ta duba bakin zaren leza. In wani abu ya yi gibi, likita ya koma da kyamara ya nemo shi, ya ciro da ɗan hantsaki. Ƙarfe yakan fito a hoton ƙashi na yau da kullum. Gilashi da roba kuwa sukan ɓuya, sai an yi hoton siti sikan. Wani lokaci guntun ya nutse cikin tsoka, inda tono shi ya fi barinsa haɗari, sai likita ya zaɓi a bar shi ana bibiya. Wannan hukunci ne na sana'a, ba laifi. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne a bar shi ba a gaya wa mai jikin ba, ba a rubuta a katinsa ba.

Amma masu sauraro, abin da ya fi cutar da mutane da gangan ake barinsa. Wata 'yar roba ce mai lanƙwasa a kowane baki, ɗaya a ƙoda ɗaya a mafitsara, wadda likita Roy Finney na Amurka ya bayyana a 1978. Ana sa ta bayan aiki don fitsari ya ci gaba da sauka kafin kumburi ya saɓe, a cire bayan 'yan kwanaki ko makonni. Wani bincike da aka yi a Riyadh ta Saudiyya, aka buga a 1991, ya nuna cewa robar da aka cire kafin mako 6, kusan kashi 9 cikin 100 ne suka fara kama tsakuwa. Tsakanin mako 6 da 12, kusan rabi. Bayan mako 12, sun haura kashi 76.

Yaya ake mantawa da ita? Ciwo ya tafi, mutum ya koma kasuwa ko gona. Wani a Indiya ko Masar aka yi masa aiki, ya hau jirgi da takardar sallama cikin Turancin da ba wanda ya fassara masa. Wani ya sani sarai, kuɗin komawa ne babu. Shekara ta zagayo, robar ta ƙeƙashe, tsakuwa ta lulluɓe lanƙwasarta, wani sa'in ta kakkarye gida-gida. Abin da da za a zare cikin 'yan mintoci ya koma tiyata biyu ko uku: a fasa tsakuwar mafitsara, a hau da leza a kankare tsakiya, wani lokaci a huda baya kafin a kai ga bakin sama. Ba a finciko irin wannan roba da ƙarfi, domin magudanar tana iya yagewa. Mafi muni, ƙodar da ta daɗe a toshe tana iya mutuwa ba tare da wani ciwon a-zo-a-gani ba.

Don haka ranar sallama, ko kai ne majinyacin ko mai jinya, ka tsaya ka tambaya: "Likita, akwai abin da kuka bari a ciki? Wace rana za a cire, kuma a ina?" A rubuta maka ranar, ka ba da lambar waya mai aiki, ka ƙara da ta wani ɗan'uwa. Asibiti kuma ya buɗe rajistar duk wanda aka sa wa roba, a riƙa kiran wanda bai dawo ba.

Wanda kuma aka taɓa yi wa aikin nan, yake fama da zazzaɓi da rawar sanyi, ko ciwon kwiɓi, ko jini a fitsari, ko sanyin mara da ke tafiya yana dawowa, kada ya tsaya kan maganin kemis. Asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri duk suna da likitocin ƙoda da mafitsara. Ya tafi da tsofaffin takardunsa, ya faɗi shekarar da aka yi aikin, ya nemi a yi masa hoto.

Nan za mu dakata a yau. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A huta lafiya.