Jakar Bango: Yadda 'Yan Damben Sin Su Ke Horar Da Hannu

A kudancin ƙasar Sin akwai wani irin dambe da a ke kira Wing Chun, wanda yanzu ya bazu ƙasashe da yawa. Cikin kayan koyonsa babu mai arha kamar jakar bango. Jaka ce ta tamfol mai kusurwa huɗu, faɗinta kimanin ƙafa guda, a kan cika ta da hatsi ko yashi a kafa ta jikin bango. Sau da yawa a kan ɗinka uku a haɗe, wata bisa wata: ta sama daidai fuskar mutum, ta tsakiya daidai ƙirji, ta ƙasa daidai ciki. Mai koyo ya kan tsaya gabanta, nisan da hannunsa zai kai, ya yi ta kai mata naushi, dama ta bi hagu, hagu ta bi dama. Iyakar abin da ido ya ke gani ke nan. To, amma tsakanin wanda jakar nan ta amfana da wanda ta nakasa wa yatsu akwai ilmi mai yawa, galibinsa kuwa sanin lokaci ne.

Wanda ya fi kowa yaɗa wannan dambe shi ne Ip Man, haifaffen birnin Foshan a lardin Guangdong cikin shekarar 1893. A 1949, sa'ad da 'yan Kwaminis suka karɓi mulkin Sin, ya yi ƙaura zuwa Hong Kong, wadda ta ke hannun Ingilishi a wancan zamani. Ya iske gari ya cika ya batse da 'yan gudun hijira, gama a 1945 mutanensa kimanin 600,000 ne, amma kafin 1951 sun haura miliyan 2. A 1950 ya fara koyarwa a ɗakin ƙungiyar ma'aikatan gidajen abinci da ke Kowloon. Babu tsakar gida, babu fili. Ko mutum-mutumin itacen da su ke gwada bugu da kariya a kansa, wanda a Foshan a kan kafa shi cikin ƙasa, tilas aka sake masa dabara, aka rataye shi bisa katakai jikin bango, domin ba a haƙa rami a bene. Bugun jakar yashi tsohon abu ne a damben Sinawa, amma irin wannan matsi ya ƙara mata daraja, tun da ba ta bukatar kome sai bango. Cikin waɗanda suka yi karatu wurin Ip Man har da Bruce Lee, wanda finafinansa na 1971 zuwa 1973 suka kai sunan damben Sin har gidajen silima na Kano da Kaduna.

Mai karatu ya iya tambaya, don me za a kafa jaka jikin bango alhali kuwa 'yan damben Turawa rataye tasu su ke yi daga sama? Dalilin shi ne jakar da ke reto ta kan gudu idan an buge ta, ta tafi da wani kashi na ƙarfin naushin, ta kuma rufa wa mai kuskure asiri. Bango kuwa ba ya gudu. Abin da aka ba shi shi zai mayar, ya bi ta wuyan hannu, ya bi ta gwiwar hannu da kafaɗa, ya sauka ta baya har duga-dugai. Idan wuyan hannu ya karkace nan take zai lanƙwashe. Idan gwiwar hannu ta buɗe waje kamar fiffiken kaza, kafaɗa ce za ta sha wuya. In kuwa tsayuwar ce ba daidai ba, mutum zai ji nasa naushin ya tunkuɗe shi baya. Saboda haka malaman wannan fanni su kan ɗauki jakar a matsayin mai gyara tsayuwa da saitin ƙasusuwa tun kafin a zo batun taurin hannu. Su kan hori almajiri ya saki damtsensa, ya bar hannu ya tafi sakayau, kada ya ƙulle dunƙulen sai daidai lokacin da ya taɓa jaka.

Dunƙulen nasu ma dabam ya ke. Ba su kifa shi. A tsaye su ke kai shi, babban yatsa yana sama. Sun ba shi sunan harafin da su ke rubuta kalmar rana da shi, watau wani ɗan akwati mai tsawo da layi a tsakiyarsa, domin sun ga kamarsa a dunƙulen da ke tsaye. Gaɓoɓi uku na ƙasa, daga na yatsan tsakiya zuwa na ƙaramin yatsa, su ne su ke sauka bisa jaka. A nan suka saɓa da 'yan karate na Okinawa da Japan, waɗanda su ke bugu da gaɓoɓi biyu na fari, su kuma horar da su jikin wani katako mai lanƙwasa da a ke kira makiwara, wanda a da a kan naɗe kansa da igiyar karan shinkafa. Gardamar ba ta tsaya a Gabas ba. Jack Dempsey, zakaran damben duniya daga 1919 zuwa 1926, mutumin Amurka, ya rubuta littafi a 1950 inda shi ma ya goyi bayan saukar da gaɓoɓi uku na ƙasa.

Ga abin da likitoci suka sani game da wannan. Hannun ɗan Adam ƙasusuwa 27 ne: 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu. Cikin biyar ɗin nan na tafi, wanda ke ƙarƙashin yatsan nuni da wanda ke ƙarƙashin na tsakiya a kafe su ke daram, amma biyu na gefe suna motsi, kuma sun fi siranta. Wannan motsi shi ne ke ba mutum damar dunƙule tafinsa ya ɗebi ruwa ko ya riƙe ƙotar fartanya. Shi ya sa karayar da a ke yawan gani bayan naushi ita ce ta wuyan ƙashi na biyar, dab da gindin ƙaramin yatsa, har Turawa suka raɗa mata suna karayar ɗan dambe. Abin dariya shi ne gwanayen dambe ba su cika yin ta ba. Masu kai ta asibiti galibinsu samari ne da suka fusata suka naushi bango ko ƙofa. Hujjar 'yan karate ke nan, kuma hujja ce mai ƙarfi. 'Yan Wing Chun kuwa amsarsu ita ce idan gwiwar hannu tana ƙasa, dunƙule yana tsaye, gaɓoɓin nan uku su ne suka yi saiti da dantse, nauyin kuma ya kan rabu a kansu gaba ɗaya. Sharaɗin dai kada na gefe ya sauka shi kaɗai.

Yanzu sai batun taurin da samari su ke ɗoki. Hannu ba abu ɗaya ba ne, kuma sassansa ba su tafiya tare. Fata ita ce mai saurin amsawa: cikin 'yan makonni ta yi kanta, zafi ya ragu, mai koyo ya zaci ya iso. Ƙashi kuwa yana can baya. Tun 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi abu ne mai rai, ya kan sake gininsa gwargwadon nauyin da a ke ɗora masa. An tabbatar da wannan a jikin 'yan wasan tanis, inda wani bincike na 1977 ya nuna bangon ƙashin damtsen da maza su ke bugu da shi ya fi na ɗaya hannun kauri da kimanin sulusi. Amma wannan aikin shekaru ne. Kafin jiki ya rushe wani ɗan yanki na tsohon ƙashi ya gina sabo a gurbinsa har ya yi ƙwari, sai an yi wata uku zuwa shida. Na ukunsu shi ne guringuntsin da ya lulluɓe bakin gaɓa, wanda ke sa ƙashi ya zame bisa ɗan'uwansa ba tare da gogayya ba. Shi ba shi da jijiyar jini, ba ya yin kanta, idan kuma ya tsage da ƙyar ya ke komawa yadda ya ke. Haɗarin yana nan ne: fata ta ce a ƙara ƙarfi tun ƙashi bai shirya ba, guringuntsi kuwa ya yi shiru yana cinyewa, ba za a ji kukansa ba sai bayan shekaru.

Akwai wani gwaji da ya kamata masu gaggawa su ji. A 1984 waɗansu masu bincike biyu, Rubin da Lanyon, suka auna yadda ƙashin fiffiken zakaru ya ke amsa matsi. Suka ga matsi sau 36 a yini ya isa ya sa ƙashin ya ƙaru, da suka kai shi sau 360, har sau 1,800, bai ƙara kome bisa wancan ba. Lalle zakara ba mutum ba ne, kuma ba za a ɗauki lissafinsa a ɗora wa ɗan dambe kai tsaye ba. Duk da haka ma'anar a fili ta ke: ƙashi ya kan ji kiran farko, sa'an nan ya toshe kunne sai ya huta. Wanda ya kai wa jaka naushi dubu a zama ɗaya, watakila ya ƙaru da numfashi da saiti, amma ragowar duka gaɓoɓinsa ne suka biya.

Sinawan da ba su da hoton ƙashi, amma sun kai ga wannan ta hanyar jarrabawa, shi ya sa suka jera abin da a ke zubawa cikin jakar daki-daki. A kan fara da shinkafa ko wani ɗan ƙaramin wake kore, waɗanda su ke gocewa su ba dunƙule wuri. Bayan an daɗe a koma yashi, wanda ke danƙarewa a hankali har ya yi kusa da dutse. Waɗansu su kan wuce zuwa tsakuwa, kaɗan kuma har ƙwayoyin ƙarfe, ko da ya ke malamai da yawa ba su ga amfanin wuce yashi ba. Tsakanin mataki da mataki watanni ne. Haka kuma ba su raba bugu da jinya. Kafin a fara da bayan an gama a kan murza hannu da wani ruwan magani da su ke kira dit da jow, watau saiwoyi da ɓawon itatuwa da aka jiƙa cikin barasa, na shafawa ne. Kowane gida da nasa haɗin, suna kuma ɓoye shi. Ko maganin yana da ƙarfin da a ke faɗi ko ba shi da shi, murzar kanta tana tilasta wa almajiri ya zauna ya dudduba hannunsa gaɓa-gaɓa kowace rana, ya gane kumburi tun yana ƙarami. Ba banza ba ne da yawa cikin manyan malaman dambe na kudancin Sin suka kasance masu magani da ɗori. Leung Jan na Foshan, wanda ya koyar da malamin Ip Man, kantin magani gare shi.

Wata magana da ta yaɗu tsakanin samari ita ce wai sai an tsattsaga ƙashi kaɗan-kaɗan, in ya warke ya fi da ƙarfi. Wannan kuskure ne. Inda aka karye ya kan tara ƙullutu na ɗan lokaci, daga baya jiki ya share shi, ƙashin ya koma kamar sauran, in an yi sa'a bai ɗoru a karkace ba. Akwai kuma jijiyar da ke miƙar da yatsa, wadda ta bi ta kan gaɓa, wata siririyar tantani ce ke riƙe da ita a tsakiya. Yawan bugu ya kan yaga tantanin, jijiyar ta riƙa zamewa gefe duk sa'ad da aka dunƙule hannu, wani lokaci ba ta gyaruwa sai da fiɗa. Amma kada a ce horon kansa ne ke nakasa mutum. A 1985 wani likita a Ingila, A. C. Crosby, ya duba hannuwan malaman karate 22 da kowannensu ya yi shekara 5 ko fiye yana yi. Ya sami alamun tsofaffin karaya 10, amma bai ga shaidar cewa ciwon gaɓoɓi ya kama su da wuri ba. Adadin kaɗan ne, kuma waɗanda hannu ya kora daga wasan tun farko ba su cikin lissafi, duk da haka ya nuna cewa a kan yi shekaru ana bugu a tsira da yatsu.

Ɗan damben ƙasar Hausa ya bi wata hanya dabam zuwa ga wannan matsala. Shi ya kan naɗe hannun bugunsa da ƙyalle ya ɗaure tam da zare, har ya zama kamar kulki, ɗaurin ya tattara ƙasusuwan tafi wuri ɗaya ya tallafi wuyan hannu. Ɗaya hannun kuwa a buɗe ya ke barinsa don kariya. Ɗan Wing Chun ba shi da wannan dama, domin hannun da ya ke naushi da shi da shi ya ke tarewa, ya kama, ya ture. Babban darasinsu ma shi ne wanda su ke kira chi sau, watau manna hannu, inda mutum biyu su ke haɗa dantse da dantse suna juyawa, kowa yana neman ya ji nufin ɗan'uwansa ta fata tun bai kawo bugu ba, har waɗansu su kan yi shi da ido a ɗaure. Hannun da ya sandare, yatsunsa suka ƙi buɗewa, ba ya iya wannan, balle ya koma gida ya riƙe alƙalami ko allura ko almakashin aski.

Ip Man ya rasu cikin Disamba 1972 yana da shekara 79, Bruce Lee ya bi shi cikin Yuli 1973. 'Yan makonni kafin rasuwarsa, ciwo ya riga ya ramar da shi, ya sa aka ɗauki hotonsa na majigi a cikin gidansa domin a san yadda ya koyar. Hoton yana nan har yau. A cikinsa an ga tsohon yana bugun mutum-mutumin itacensa, an kuma gan shi tsaye wuri ɗaya yana yin darasin farko na Wing Chun, wanda su ke kira Siu Nim Tau: ya miƙa tafi a buɗe yana duban sama, ya juya wuyan hannu ya yi da'ira, ya naɗe yatsu, sa'an nan ya janye dunƙulen zuwa gefen ƙirji.