Ciko a saiwar haƙoran nono: shin yana tare ƙwayoyin cuta?

A ƙauyukan Arewa, daga Matankari har Tibiri, idan turmin yaro ɗan shekara 4 ya yi kogo, uwa takan daka kanumfari ta cusa masa a ramin. Idan kumatu ya kumbura, sai a nufi wanzami ko ɗakin shan magani a cire. Hujjar kowa ɗaya ce: ai haƙorin nono ne, zai yi famfara.

Gaskiya ne zai faɗi, amma yaushe? Haƙoran nono 20 ne. Na gaba suna soma zuba a shekara 6, turame kuwa sai tsakanin shekara 9 da 12. Turmin da aka cire a shekara 4, giɓinsa zai daɗe a buɗe, maƙwabtansa su karkato su cinye wurin, haƙorin girma ya rasa mafita ya fito a karkace.

Saboda haka ne likitocin haƙori ke ƙoƙarin ceton turmin. Sukan kashe zafin wurin da allura, su buɗe haƙorin, su kwashe jijiyar da ta ruɓe daga ramukan saiwa, su wanke, sa'an nan su cike ramukan da ƙulli. Wannan ciko ya bambanta da na manya. Saiwar haƙorin nono narkewa take yi sannu sannu yayin da na girma ke tasowa daga ƙarƙashi, tilas ne cikon ya narke tare da ita.

A nan fa gizo ke saƙa. Ƙullin da aka fi daɗewa ana aiki da shi, tun wajen 1930, haɗin farin garin zinki ne da man kanumfari. Ashe iyayenmu mata ba su yi nisa da hanya ba, ko da yake kanumfarinsu zogi kawai yake kwantarwa, ba ya tsayar da ruɓa. Aibin wannan ƙulli jinkirin narkewa: wani lokaci saiwa ta tafi ta bar shi, ya tare wa sabon haƙori hanya. Ɗayan kuwa, irin Vitapex na ƙasar Japan, haɗin sinadarin farar ƙasa ne da na aidin. Shi gaggawa gare shi, yakan narke ya bar ramin wayam tun saiwa na nan.

Masana sukan gwada su da haƙoran da aka cire. Su cike saiwar, su zuba ƙwayoyin cuta a kan haƙorin, su tsoma ƙarshen saiwar cikin ruwa mai tsabta, suna dubawa kullum. Ranar da ruwan ya gurɓace, ciko ya yi yoyo ke nan. Abin da ake gani shi ne, wani ƙulli ya fi wani jimiri, amma babu wanda ke liƙe ramin sarai shi kaɗai. Dole a ƙara da murfi mai kyau daga sama, kamar hular ƙarfe marar tsatsa da ake kifa wa turamen yara tun 1950. Manomi ya san wannan: rumbu ko ya sha yaɓe, in bakinsa bai rufu ba, ruwa zai shiga.

Sai dai aikin yana bukatar hoton haƙori da kayan aiki tsarkakakku, galibin likitocin haƙori na Nijar kuwa a Yamai suke, kimanin kilomita 270 daga Dogon Dutsi. A ganinmu, hukumomin gundumomin biyu su fara da abin da hannu ke kaiwa: malamin asibiti ya riƙa leƙa bakin kowane yaro ranar awo, a kama kogo tun bai kai jijiya ba.

Ƙurji mai mugunya a dasashi ko kumburin fuska da zazzaɓi ba sa jiran ranar kasuwa. In kuwa dasashin yaro ramamme yana jini da ɗoyi, a garzaya da shi asibiti a ranar, domin haka cutar noma ke somawa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023.