Goge, garaya da gurmi: wa zai koya wa yaran Tasawa da Mayahi kiɗan haɗin gwiwa?

A ƙasar Tasawa da ta Mayahi har yau ana samun yaron da zai ɗauki goge ko gurmi ya kaɗa shi kaɗai a zaure. Abin da ke ƙara wuya shi ne wurin da yara uku ko huɗu za su zauna gaban gwani su koyi kiɗa tare, kowa yana sauraren ɗan'uwansa.

Jama'a masu karatu, duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ya yada zango a Tasawa, ko kuwa ya ratse arewa zuwa Mayahi cikin Gulbin Kaba, in ya dace da daren biki bayan kaka, to ba mamaki ya ji muryar goge daga nesa. In ya matso kusa zai tarar mai goge ba shi kaɗai yake ba. Gefensa akwai ƴan ƙwarya biyu ko uku zaune, kowa da ƙwaryarsa kife a gaba, bayansu kuma ga ƴan amshi. Babu mai tsayawa gabansu da sanda yana nuna musu inda za su shiga, amma tare suke tashi, tare suke sauka. Wannan jituwa koyonta ake yi shekara da shekaru, kuma ita ce batunmu na wannan mako.

Makarantar da ba allo ba alli

Goge kansa aikin hannu ne mai neman haƙuri. Ana rufe rabin ƙwarya da fatar guza, a soka sanda, a ɗaura tsirkiya ta gashin wutsiyar doki, a tokare ta da ɗan icen da ake kira jaki. Bakan da ake gogawa da shi ma gashin doki ne, ana shafa masa ƙaro don ya kama. Da damina fata takan saki saboda laima, sai an gasa ta kusa da wuta kafin murya ta dawo daidai. Garaya, wadda aka sani da mafarauta, tsirkiya biyu gare ta, kuma masu buta ke raka ta. Gurmi shi ma ƙwarya ce da fata, amma da yatsa ake kaɗa shi.

A tsarin gargajiya ba a miƙa wa yaro goge ran da ya zo. Da fari ɗaukar kaya zai yi, ya bi maigidansa daga wannan gari zuwa wancan, kunnensa na cika da take iri-iri. Daga nan a zaunar da shi kan ƙwarya, inda zai koyi riƙe ƙafar kiɗa ba gaggawa ba jan jiki, ko da mai goge ya yi nisa cikin salo. Sai ya shiga amshi, ya san inda baiti ke ƙarewa da inda numfashin mawaƙi ke yankewa. Ran da aka ba shi baka a hannu, ya riga ya zauna mazaunin kowa cikin ƙungiya, ya san abin da kowane ɗaya ke jira daga gare shi. Ya san cewa in maigida ya ja baka da tsawo, ko ya sunkuyar da kai, ko ya buga ƙafa, to za a sauya take.

Masana daga waje sun lura da zurfin wannan ilimi. Veit Erlmann, Bajamushe masanin kiɗa, ya yi bincike a ƙasar Maraɗi, a shekara ta 1982 kuma ya wallafa nazari kan kiɗan bori. A 1989 shi da Habou Magagi suka fitar da littafi kan girka. A fagen bori kowane iska da takensa, na Sarkin Rafi dabam, na Ɗan Galadima dabam, kuma dole ƴan ƙwarya su gane sabon take tun daga jan baka na farko. A 2008 wata malamar jami'a ta Amurka, Jacqueline DjeDje, ta wallafa littafi guda kan goge tsakanin Fulani da Hausawa da Dagwamba na ƙasar Gana.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

Turawa ma suna da irin wannan kiɗa na ƴan mutane kaɗan, wanda suke kira kiɗan ɗaki, domin asalinsa a ɗakunan manya ake yinsa. Mafi shahara shi ne na mutum huɗu: ƙananan goge biyu, matsakaici ɗaya, da babba mai kaurin murya. Joseph Haydn na ƙasar Otiriya, wanda ya rasu a 1809, shi ne ya daidaita masa tsari. Su ma ba su da mai sanda. Malamin da ke horar da matasa gefe yake zama yana saurare. Yakan sa su daidaita tsirkiyoyinsu kan murya guda, ya sa su kaɗa sannu a hankali, ya raba su biyu-biyu, wani lokaci har ya sa su juya wa juna baya don kunne ya maye gurbin ido. Jan numfashin ɗayansu shi ne alamar farawa. Mai gogen Korgom ko na Kanambakashe da zai ga wannan darasi ba zai ji baƙunci ba.

Bambancin shi ne su sun gina wa abin gida. A ƙasar Benezuwela, José Antonio Abreu ya fara da matasa 11 a shekara ta 1975, shirin ya bazu cikin unguwannin talakawa na ƙasar. A Soweto ta Afirka ta Kudu, wata makaɗiya ƴar Ingila, Rosemary Nalden, ta buɗe makarantar Buskaid a 1997, inda yaran unguwa ke koyon kiɗan tsirkiya cikin ƙungiya, manyansu kuma na koyar da ƙanana.

Abin da ya raunana sarƙar

Dalilai da dama suka taru a kanmu. Na farko, sana'ar ta rage ciyar da mai ita. Mai biki a yau yakan ga ya fi sauƙi ya yi hayar na'ura da lasifika a kan ya ɗauki nauyin makaɗa biyar da abincinsu da kuɗin motarsu. A ɗakunan ɗaukar waƙa kuma, piyano guda na kwaikwayon goge da ƙwarya da kalangu gaba ɗaya. Na biyu, samari na tafiya ci-rani Najeriya ko Libiya ko Aljeriya da zarar an gama girbi, wato daidai lokacin da a da ake yawon kiɗa ana koyo. Na uku, an daɗe ana danganta goge da bori da wuraren shaye-shaye, malamai da yawa sun yi wa'azi a kansa, iyaye kuma na ƙyamar a ce ɗansu maroƙi ne.

Wannan damuwa ta iyaye ba abin rainawa ba ce. Sai dai kiɗan tsirkiya ya fi fage guda faɗi. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi ta yi wa jama'a gargaɗi kan zaman aure da riƙon sana'a. Haruna Uji na Haɗeja da gurmi ya yi suna. Kuma dattawanmu na tune da zamanin Samariya, lokacin da bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976, ya sa kowace gunduma ta nemo makaɗanta ta horar da su watanni kafin gasa.

Darasin biram

Labarin Malam Mamman Barka ya isa ishara. Haifaffen Taskar ne, malamin lakwal, gwanin gurmi. A shekara ta 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe na biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya zauna ya koya, daga baya ya kai biram har Turai tare da makaɗin ganga Umaru Adamu. Barka ya rasu a 2018. Da ya yi jinkirin ƴan shekaru, da biram ya bi mai shi kabari. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da aka buɗe a Yamai a 1989 ta adana kayan kiɗan gargajiya masu yawa, amma goge da ke rataye a bango ba ya koya wa kowa amshi, kuma yaron Urafan ko na Isawan ba shi da halin zuwa Yamai.

Abin da ke hannunmu

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Ana bukatar inuwa guda a gidan matasa ko harabar lakwal lokacin hutu, da dattijo gwani da za a ba ɗan abin masarufi kowane wata, da yara ƙungiya-ƙungiya ta huɗu ko biyar da yardar iyayensu. A bi tsarin da muka gada: ƙwarya tukuna, sannan amshi, sannan baka, kuma kowane yaro ya zagaya kowane mazauni. Ɗan kasuwa guda na iya ɗaukar nauyin ƙwarya da fata da gashin doki na shekara. Magajin gari na iya ba da wuri. Mushe na iya rubuta sunayen take da tarihinsu, gidajen rediyon karkara kuma su ɗauki muryoyin dattawan tun suna raye. Wanda zai aurar da ɗiya, ya ware wa makaɗan garinsu dare guda ko da ya kawo na'ura.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koyi sassauta hannunsa don a ji muryar abokinsa, ya koyi jiran lokacinsa, ya koyi rufe kuskuren wani ba tare da tsayar da kiɗa ba, ya samu tarbiyyar da za ta yi masa amfani a kasuwa da ofis. Dattawan da suka san wannan hanya suna nan a garuruwanmu, amma kowace shekara raguwa suke. Allah ya ba mu ikon zuwa gare su kan lokaci, amin.